Albarushin Baffa Alkasim

Rafin Tsamiya, ta Doguwa
9 ga Maris, 2015

Zuwa ga 'yata Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Sirajo da amaryata Ruƙayya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke tashi in an yi sanyi. Innarki Hussaina tana gaishe ki, ta ba Malam Kalilu kuka da daddawa da man shanu ya kawo miki, tunda an ce yana komawa karatu garinku.

Ba na son doguwar magana. Kin san tun da na bar aikin gadin dajin Falgore noma nake yi. Bara gaduna, aladen dajin nan, sun cinye min kusan rabin masara. Harsashin farauta kuma ya yi wuyar samu tun da aka tsaurara tsaro, ko da lasisinka a aljihu. Ina da kwansunan harsashi da kayan aikin da Baturen da na yi wa aiki, Mista Hol, ya bar min, amma littafinsa ya tsufa. An buga shi tun ba a haifi mahaifiyarki ba, gara kuma ta ci wasu shafuka.

Don haka ki nemo min littafin koyon cika harsashi, na Turanci, mai hotuna da jadawali. Sabon bugu nake so, na bana ko na bara, kada a cuce ki da tsohon kaya. An ce garinku akwai kantin littattafai hawa-hawa. Ki aiko kafin masara ta fitar da goyo.

Naki,
Baffa Alkasim

Sri Petaling, Kuala Lumpur
21 ga Afrilu, 2015

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mu lafiya lau. Ruƙayya ta shiga aji biyu, in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, amma ta ce a gaida angonta. Ka yi wa Inna godiya.

Sai dai akwai ɓarna. Man shanun ya narke a jakar Malam Kalilu, ya jiƙa wasiƙarka tun daga tsakiya. Ni da Sirajo mun ɗaga ta a fitila muna harhaɗa haruffa. Gaisuwa ta fita, ƙarshen ma ya fita, tsakiyar ce tawada ta gudu. Abin da muka gano shi ne littafin Mista Hol ya tsufa, kana son littafin koyon harshe, na Turanci, mai hotuna da jadawali, sabon bugu.

Na ji daɗi ƙwarai, Baffa. Mutum a shekarunka ya ce zai koma karatu, ba ƙaramin abu ba ne. Na ajiye aikin ɗakin gwaji yini guda, na shiga jirgin ƙasan cikin gari, na zaga kantuna uku. Ga shi nan, bugun bana ne, har da faifan sauraro a bayansa. Ka fara da babi na huɗu, na farkon sun yi maka sauƙi.

Don Allah ka sayi wayar zamani mu huta da wannan jiran.

'Yarka,
Barira

Rafin Tsamiya
26 ga Mayu, 2015

Barira,

Lafiya muke. Gwiwa tana nan. An yi ruwan shuka.

Saƙo ya iso. Na tara Hussaina da maƙwabta biyu don su ga abin da 'yata mai karatun digirin digirgir ta aiko daga bangon duniya. Na yage takarda, na buɗe, sai ga hoton kyanwa a kan tabarma, an rubuta a ƙasa wai kyanwa tana kan tabarma. Maƙwabtan nan har yau in sun gan ni sai su tambaye ni ina kyanwa take.

Ni, Barira? Ni da na yi shekara goma sha biyu ina jayayya da Bature cikin yarensa a tsakiyar daji? Ni da na cika miki takardar shiga sakandare ranar da babanki, Allah ya jiƙansa, ya ce shi ya gaji da boko? Ni za ki ce in fara da babi na huɗu?

HARSASHI na rubuta. Ga shi da manyan baƙaƙe, kuma wannan karon ba man shanu. Littafin da ke koya wa mafarauci yadda zai sake cika kwanson harsashi da albarushi. Gaduna ba sa jin Turanci.

Ki ji dalilin da ya sa na nace sai sabo. Mista Hol ya sha faɗa min cewa masu yin albarushi suna canja shi, ma'aunin da yake daidai jiya ba lalle ya zama daidai yau ba. Albarushin da na samo bana kuma ba kalar wanda na sani ba ne. Na saye shi a kasuwa wurin wani mutum, a gwangwanin madara. Shi ya sa ban taɓa shi ba, ina jiran littafi.

Maganar waya kuma, a garin nan sai ka hau dutse kafin ta kama. Da wace gwiwar?

Masara ta tsiro. Wata biyu da rabi ke gare ki.

Baffanki

Sri Petaling
30 ga Yuli, 2015

Baffa,

Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana. Lafiyarmu ƙalau, sai Sirajo da ya yi mura. Ka yi haƙuri da maganar kyanwa. Amma da na san abin da za ka jefa ni ciki, wallahi da na bar ka da ita.

Wasiƙarka ta yi sati uku a hanya. Sirajo ya karanta, ya ninke, ya ce in ƙona ta. Baffa, ƙasar nan ba Doguwa ba ce. Harsashi ɗaya aka samu a jakar mutum ya shiga uku, balle baƙo mai bizar karatu. Ka kuma tuna labaran da ake ji daga gida a talabijin. Sai ka kwatanta ni, 'yar Najeriya, da hijabi har gwiwa, na tsaya gaban kanta ina tambayar littafin haɗa harsashi.

Duk da haka na je, don kai ne. Yarinyar kantin ta buga a kwamfuta, ta dube ni, ta sake duba allon, ta ce in jira. Ta dawo da manaja. Ya ce, "Wa zai yi amfani da shi?" Na ce baffana ne, manomi. Ya ce, "Ke me kike karanta?" Ni kuma da wautata na faɗi gaskiya, na ce kimiyyar sinadarai. Baffa, da ka ga fuskarsa. Ya nemi fasfo ɗina da katin makaranta, ya rubuta lambobin a takarda, sannan ya ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba. Na fito na shiga jirgi, na wuce tashata har tasha biyu ban sani ba. Sati guda duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai gabana ya faɗi. Sirajo ya yi kwana uku ba ya min magana sai ta bakin Ruƙayya. Saura wata takwas in kare aikina, in aka soke bizata shekara huɗu sun tafi a banza.

Da na haƙura, sai Allah ya kawo mafita a wurin da ban zata ba. Malamar da ke duba aikina ta ga na rame, ta tambaya, na faɗa mata. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce yayanta, Pak Rosli, ya yi shekaru yana korar aladen daji a gonar kwakwar manja, yana da lasisi, yana zaune a Cheras. Ta kai ni da kanta ranar Asabar.

Dattijo ne kamar ka, har taurin kan. Ya ajiye min shayi, ya fito da littattafai uku, ɗaya tsoho sa'an naka, biyu na baya-bayan nan. Ya ce in karanta a nan, ba mai fita da su. Ya nuna min yadda ake zaɓa: a duba shekarar bugu, a duba ko na bindigar farauta irin taka ne, a kuma tabbata sunan albarushin da ke hannun mutum yana cikin jadawalin. Ya buɗe tsohon da sabon gefe da gefe, albarushi mai suna ɗaya, amma an rage ma'aunin a sabon. Ashe Mista Hol ya yi gaskiya. Sai ya tambaye ni, "Me aka rubuta a jikin gwangwanin baffanki?" Na ce madara. Ya cire tabarau ya ce in maimaita.

Na zauna awa uku ina dubawa. A kan maganarka, tsoho da sabo duk abu ɗaya suke faɗa: albarushin da ba a san sunansa da masana'antarsa ba, ba a auna shi, ba a gwada shi, ba a kusantarsa. Babu littafin da zai taimake ka da shi, ko da gobe aka buga. Pak Rosli ya ce in gaya maka, tsoho ga tsoho, ka jiƙa shi da ruwa ka rabu da shi. Ni ma da karatuna na san haka ne, garin albarushi iri biyu suna iya kama a ido, ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba.

Kuma ka je ofishin da suka ba ka lasisi ka tambaya ko ma an yarda ka cika da kanka. Ban tabbata ba. Ka nemi su nuna maka dillali mai izini. Maganar gaduna, Pak Rosli ya ce shi daga baya rami da shinge suka fi yi masa aiki.

Ka amsa min da wuri.

'Yarka,
Barira

Sri Petaling
12 ga Satumba, 2015

Baffa,

Ina fata lafiya. Mu muna nan, hayaƙin gobarar daji ya rufe garin, daga barandarmu ba a ganin benen da ke tsallaken titi. Ruƙayya tana tari, an hana su wasa a waje.

Sati shida ke nan. Malam Kalilu, da ya je gida hutu, ya rantse min a waya ya ba direban Doguwa wasiƙata hannu da hannu. Na kira lambar mai shagon bakin kasuwarku sau tara, sau ɗaya ta shiga, na ji ana cinikin sukari, ta yanke.

In fushi kake don ban aiko littafi ba, ka yi fushin a rubuce. Ni dai layi ɗaya nake so: ka zubar da gwangwanin nan ko ba ka zubar ba?

Barira

Asibiti, Kano
3 ga Oktoba, 2015

Barira,

Innarki Hussaina ce ke rubutu, Baffanki yana faɗa. Ki yi haƙuri da rubutuna, na makarantar yaƙi da jahilci ne. Ya ce in fara da cewa lafiyarsa ƙalau. Ba lafiyarsa ƙalau ba.

Ya ce in rubuta: wasiƙarki ta same shi ran da gaduna suka shiga gona karo na biyu. A bakin gonar ya karanta, a tsaye. Ya ji haushin abin da aka yi miki a kanti, ya ce da yana nan da manajan ya gane kurensa. Ya karanta har ƙasan takarda ta biyu, inda kika ce tsoho da sabo duk abu ɗaya suke faɗa. Nan takardar ta ƙare. Sai ya ce alhamdu lillahi, ashe littafinsa bai mutu ba. Ya ninke ya sa a aljihu.

Ni Hussaina nake faɗa miki, bai juya bayan takardar ba. Ni na juya ta, a nan asibiti, kwana biyu bayan abin ya faru, ina neman lambar wayarki a aljihun rigarsa. Lambar ban same ta ba.

Ya ce in rubuta cewa ya yi taka-tsantsan, ya auna da sikelin Bature, har ya rage a kan abin da littafin ya ce. Guda biyar ya cika. Da hantsi ya fita bayan gona zai gwada ɗaya a jikin kututture. Ina tsakar gida ina shanya kuɓewa na ji ƙara, ba irin wadda na saba ji shekara talatin ba. Na fita ba mayafi. Na same shi zaune a ƙasa, bindigar ta tsage kamar rake, yana riƙe da hannunsa na dama yana kallonsa. Da ya gan ni abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ki yi min ihu." Na yi.

Yatsu biyu sun tafi, manuni da na tsakiya. Babban yatsa likita ya ɗinke, ya ce zai yi aiki. Kunnen dama ba ya ji sosai. Wani ƙarfe ya wuce ta saman girarsa, likita ya ce da ya sauko kaɗan da yanzu wata maganar ake. A nan muka yi Babbar Sallah.

Ya ce in rubuta cewa laifinki ne rabi, wai wa ke ajiye magana mai muhimmanci a bayan takarda. Na rubuta don ya ce, amma na gaya masa a gaban nas ɗin cewa ƙarya ne. Yanzu ya juya fuska bango.

Ya juyo. Ya ce in tambaye ki ko maganar fasfo ɗin ta lafa, wai ita ce ta fi damunsa. Wannan kam gaskiya ne, kullum sai ya yi ta.

Masara kuma rabinta ya tafi. Mun bar wa maƙwabta su girbe sauran.

Innarki,
Hussaina

Sri Petaling
22 ga Oktoba, 2015

Baffa,

Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Inna, sannu da jinya, Allah ya biya ki. Mu lafiya, hayaƙin ne har yanzu.

A wurin mai shayin ƙasan benenmu Malam Kalilu ya miƙa min wasiƙar. Na karanta, na kifa kai a tebur ina kuka, har mai shagon ya zo yana tambayar Sirajo wa ya mutu. Na gama kukan, sai haushi ya zo, kuma har yanzu bai tafi ba.

Baffa, takarda tana da baya! Kai ka koya min haka. Kai ka tsaya a kaina ranar jarrabawa kana cewa in juya takarda in ga ko akwai tambaya a baya kafin in fara murna. Ka yi wata biyar kana jiran amsa, ka kasa jiran daƙiƙa ɗaya ka juya hannu? Kai da bakinka ka ce albarushin nan ba kalar wanda ka sani ba ne. Ka sani, Baffa. Abin da kake so ka ji ka nema, da ka same shi ka ninke takarda.

Duk da haka kwana uku ina tambayar kaina me ya sa ban fara da maganar gwangwani ba, na tsaya ba ka labarin manaja. Rabin da ka ɗora min ban karɓa ba, amma ban iya ajiye shi ba.

Maganar fasfo ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya neme ni. Na gaya wa Pak Rosli. Ya ce a tambaye ka sauran harsashi huɗun da ka cika suna ina, gwangwanin kuma yana ina. Inna, ke nake tambaya, ba shi ba. Kada kowa ya taɓa su, a kira waɗanda suka ba shi lasisi su zo su ɗauka. Kuma mutumin kasuwar nan, wa da wa ya sayar wa?

Wannan wasiƙar fuska ɗaya ce. Ba komai a baya, amma ka duba.

'Yarka,
Barira

Rafin Tsamiya
28 ga Nuwamba, 2015

Barira,

Da hagu nake rubutu, kada ki yi dariya. Mun dawo gida. Jiki da sauƙi. A gaida Sirajo, a ce ya yafe min tashin hankalin da na jawo masa. A gaida amaryata.

Hussaina ta riga ki. Tun kafin a sallame mu ta aika aka kira hukuma, suka kwashe harsasan da gawar bindigar da kayan Mista Hol. Sun yi min tambayoyi yini guda. Gwangwanin a gabansu aka jiƙa shi. Mutumin kasuwa ba a sake ganinsa ba.

Tambayarki ta ƙarshe ce ta hana ni zama. Na bi na bincika, ashe Ubale na Unguwar Dutse, wanda ni na koya wa harbi, ya sayi gwangwani biyu. Na je da sanda, tafiyar awa guda da wannan gwiwar. Na same shi ya baje kwansuna a tabarma. Na yi masa bayanin duk abin da kika rubuta, har da na bayan takardar. Ya saurara, ya ce, "Malam, ai kai tsautsayi ne, ni zan rage ma'auni." Na ce ni ma na rage. Ya ce tsufa ne ya sa min tsoro.

Na kwance bandeji a hankali, na ɗora hannun a kan tabarmar, tsakiyar kwansunansa. Matarsa ta leƙo daga ɗaki ta yi salati. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi ya ɗauko bokitin ruwa.

An gaya min akwai mutum biyu a ƙauyen gaba da su ma suka saya. Ranar Laraba zan je, in gwiwa ta yarda.

Kada ki ƙara min faɗa a wasiƙa ta gaba, na Hussaina ya ishe ni safe da yamma. Ki yi karatunki ki gama ki dawo. Hannun ya gaji.

Baffanki,
Alkasim